An ce AI zai ninka mini ciniki cikin wata uku: amsa ga wani ɗan kasuwa a Sakkwato

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa, shadda da leshi a Babbar Kasuwar Sakkwato, shekara goma sha bakwai ke nan. Kwanan nan wani matashi, abokin ɗana, ya zo mini da maganar cewa kamfaninsu na da 'tsarin AI' da zai riƙa yi mini talla, ya amsa wa masu saye a WhatsApp dare da rana, ya kuma gaya mini kayan da za su yi kasuwa kafin Sallah. Ya ce cikin wata uku cinikina zai ninka, kuma duk ɗan kasuwar da bai shiga yanzu ba, nan da shekara biyu zai rufe shago. Kuɗin shiga da na wata-wata ba kaɗan ba ne. Hankalina bai kwanta ba, amma kuma ina tsoron kada a bar ni a baya. Don Allah mene ne gaskiyar abin?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ka, abu uku ne suka haɗu a tambayarka: ko shi wannan AI ɗin gaskiya ne, ko zai iya abin da yaron ya ce zai yi a shagonka, sannan ko akwai wata ƙofa da za ta rufe idan ba ka yi sauri ba. Na ukun nan shi ne ya hana ka barci, kuma ba kai kaɗai ba ne. Tun daga bara da wuya mako ya wuce ba a yi mini irin wannan tambayar ba.

Sana'ata ita ce saka wa shaguna, kantunan magani da makarantun kuɗi manhajar lissafi a kwamfuta, da gudanar musu da talla a Facebook da Instagram. Na daɗe a kai a nan cikin gari. Ni kaina kullum sai na yi amfani da AI a wurin aiki, saboda haka ba adawa nake yi da shi ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar da sunansa ga mutanen da suka tara jarinsu da guminsu.

Abin da yake, da abin da ya jawo hayaniyar

Ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ba jiya aka fara maganarta ba. Tun a 1956 wasu masana, ciki har da John McCarthy, suka yi taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka a kan wannan fanni, kuma daga nan sunan ya bi shi. Sau biyu ana yi masa irin wannan kururuwar, a zuba kuɗi, alkawari ya gaza cika, masu kuɗi su janye: a shekarun 1970, sannan a ƙarshen shekarun 1980. Wannan zagayen ya taso ne ranar 30 ga Nuwamba 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. A watan Afrilun 2024 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, ya shigo da nasa cikin WhatsApp a Najeriya, shi ne zoben nan mai shuɗi-shuɗi da kake gani a wayarka.

Yadda irin wannan na'ura ke aiki shi ne mabuɗin komai. An ɗura mata rubuce-rubuce masu yawan gaske daga intanet da littattafai, ta koyi wace kalma ce ta saba biyo bayan wace. Idan ka tambaye ta, tana jero kalmomin da suka fi dacewa da juna ne. Shi ya sa bakinta ke da daɗi, kuma shi ya sa takan faɗi abin da ba haka ba da irin ƙarfin gwiwar da take faɗin gaskiya. Ba ta san nawa ka saro turmin atamfa a Kantin Kwari ba, ba ta san wane zane ne ya yi kwantai a bayan shagonka ba, sai idan wani ya zauna ya rubuta mata, kuma ya ci gaba da sabuntawa duk lokacin da farashi ya motsa.

To me ya sa ko'ina AI, AI? Kuɗi ne. Manyan kamfanoni sun zuba biliyoyin daloli a harkar, dole su nemi masu biya. Ƙananan kuma sun gane cewa haruffan nan biyu na ƙara wa kaya tsada, ko da abin da ke ciki tsohon abu ne. Har a can inda aka ƙera shi abin ya kai ga hukunci. A watan Maris na 2024 hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci kamfanoni biyu masu ba da shawarar zuba jari, Delphia da Global Predictions, tarar dala 400,000 a haɗe, saboda sun yi wa mutane iƙirarin amfani da AI ta hanyar da ba haka take ba. A nan gida mun ga wanda ya fi wannan muni. Wani dandalin zuba kuɗi na intanet mai suna CBEX ya ce wa mutane AI ne ke juya musu kuɗi, zai ninka cikin kwana 30. A watan Afrilun 2025 ya rushe da kuɗin jama'a, EFCC ta shiga bincike. Wanda ya tuna MMM a ƙarshen 2016 ya san wannan rawar, kiɗan ne kawai aka sauya.

Ban ce abokin ɗanka irinsu ba ne. Galibin matasan da na sani a wannan harka neman halal suke yi, kuma da yawansu sun yarda da abin da suke faɗa, domin haka aka koya musu a bidiyoyin da suke kallo. Amma maganar "wanda bai shiga ba zai rufe shago" kai ka fi ni saninta. Ita ce maganar dillalin da ke ce maka wani ya riga ya taya, in ba ka biya yau ba gobe babu.

Alkawarin talla

A nan ne AI ya fi gaskiya. Yana iya rubuta maka sanarwar sabon kaya, ya gyara wasiƙar Turanci zuwa ga wanda kake saro kaya a wurinsa a Legas ko Dubai, ya cire tarkacen da ke bayan hoto. Aikin da kan ci mini awa ɗaya yanzu minti goma ne. Sai dai mafi yawan wannan kyauta ne a wayar ɗanka, kuma ko ChatGPT ɗin da ake biyan kuɗinsa dala 20 ne a wata. Yawancin "tsarinmu na musamman" da ake kawo wa 'yan kasuwa, irin waɗannan ne aka sa wa sabuwar riga da sabon suna. Shi kuma zaɓen waɗanda za su ga tallarka, Facebook ya daɗe yana yin sa da na'urarsa ga duk wanda ya biya kuɗin talla, ba sai an biya wani daban ba.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi sana'arka kai tsaye. Wata baiwar Allah da nake yi wa aiki tana sayar da leshi daga gida a Mabera. Ƙanwarta ta ɗauki hoton wani leshi ruwan ƙasa mai duhu, ta sa wa manhajar gyaran hoto. Hoton ya fito da kyau ƙwarai: launin ya koma kamar ruwan zuma, duwatsun jiki suna ƙyalli, har an ɗora shi a jikin wata mace da ba ta taɓa wanzuwa ba. Wata mata a Birnin Kebbi ta tura kuɗin guda huɗu na ankon biki, aka kai tasha aka ba direba. Da yamma sai ga saƙon murya, da hoton leshin shimfiɗe a kan gado kusa da wayar da ke nuna hoton talla. Ba sai an yi bayani ba, launi biyu ne daban. Aka mayar da kuɗi, aka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma matar ba ta sake saye ba, ita da ƙawayenta. A harkar zane, launi da laushi su ne kayan. Hoton da ka ɗauka a bakin shago da hasken safiya, hannunka na riƙe da gefen shaddar, ya fi wanda na'ura ta ƙawata kawo ciniki mai ɗorewa.

Alkawarin amsa wa masu saye

Wannan ne na fi so ka yi hattara da shi, kuma zan ɗan tsaya a kai.

Da farko harshe. Masu sayenka ba Turanci suke rubuto maka ba. Da yawansu ma ba sa rubutu, saƙon murya suke turowa, da Sakkwatanci, ga hayaniyar gida a bayansu: "Alhaji, wanga zane da ka aza jiya, nawa shi ke? In kwai ja ka aje min biyu." Na'urorin nan sun ƙara ƙwarewa a Hausa fiye da shekara biyu baya, wannan gaskiya ne, amma Hausar jarida suka fi ganewa, kuma tasu Hausar sau da yawa ƙamshin fassara take yi. Na taɓa gwada wata da tambayar da ake yi maka sau hamsin a rana: nawa ne turmi? Sai ta shiga yi mini bayanin turmin daka da taɓarya. Ana iya koya mata ta daina wannan, amma wani ne zai zauna ya koya mata, kalma bayan kalma, kuma wannan aiki ne da ba a cika faɗa maka kuɗinsa tun farko ba.

Na biyu, wa zai ɗauki asara idan ta yi kuskure? An yi wannan shari'ar a Kanada. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Ta ce masa ya sayi tikiti cikakken kuɗi, daga baya ya nemi rangwamen, alhali dokar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairun 2024 kotun ta ƙi yarda, ta ce a biya mutumin. Ka kawo wannan gida: na'ura ta ce wa wata Hajiya shaddar nan tsohon farashi ce, ko ta ce akwai launin da ya ƙare tun makon jiya. Hajiya ba ta san wani kamfani ba. Ta san shagon Alhaji ne ya faɗa, kuma ko ka sallama a kan faɗuwa ko ka zama mai magana biyu.

Ko manyan da suka fi kowa zumuɗi sun ja baya kaɗan. Kamfanin hada-hadar biyan kuɗi Klarna na ƙasar Suwidin ya yi shelar a farkon 2024 cewa na'urarsa na yin aikin ma'aikata 700 na sashen kula da masu hulɗa. A watan Mayun 2025 shugaban kamfanin da bakinsa ya amsa cewa neman rage kashe kuɗi ya rage ingancin aikin, kuma za su koma ɗaukar mutane. Su da kayansu a rubuce yake dalla-dalla, kuma farashi ɗaya ne ga kowa.

Kai kuwa cinikinka ba haka yake ba. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka dubi fuskarsa ka sallama. Ka san wanda za ka yi wa ragi don mahaifinsa ya yi hulɗa da kai shekara goma, ka san telan da za ka ba kaya bashi har bayan Sallah, ka san wanda ko ya rantse ba za ka ba ba. Uwar amarya da ta zo haɗa lefe ba farashi kaɗai take nema ba, so take a zauna da ita a ce mata wannan ya fi wancan, wannan yana zuba, wancan shi ake yayi. Wannan ilimin babu inda aka rubuta shi, yana kanka ne da kan yaran shagonka. Abin da na'ura za ta iya yi lafiya shi ne ta amsa sallama da tsakar dare, ta faɗi lambar shago da lokacin buɗewa, ta ce da safe za a kira. Wannan kuma WhatsApp Business yana yinsa kyauta tun kafin a fara wannan hayaniyar.

Kada ka manta da lambobin mutane. Galibin masu sayenka mata ne, matan aure da 'yan mata, sun ba ka lambarsu bisa amana. Duk wanda ka haɗa tsarinsa da WhatsApp ɗinka yana iya ganin lambobin da hirarrakin. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma tun kafin doka, kai ka san abin da zai faru a unguwa idan lambar matar wani ta fita ta shagonka.

Alkawarin hasashen kasuwa

Na'ura na hasashe ne daga bayanan baya. Tambayar ita ce, ina bayanan? A yawancin shagunan da na shiga, littafi ɗaya ne ake rubutawa da gaske, littafin bashi. Abin da aka sayar jiya, wane zane, turmi nawa, a kan nawa, duk a ka yake. Idan babu rubutu, babu abin da na'ura za ta karanta, sai dai ta ba ka amsar da kowa ya sani, cewa shadda na tafiya gab da Sallah.

Ko da akwai rubutun, duba abin da ya girgiza kasuwarmu a 'yan shekarun nan. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, da tsadar da ta biyo baya. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da rufe iyaka da ya tsayar da hanyar Illela zuwa Ƙonni har watan Maris na 2024. Babu lissafin cinikin bara da zai hango ko ɗaya daga ciki. Kai da ka san lokacin da manoma ke sayar da albasa su shigo gari da kuɗi, da lokacin da bukukuwa ke yawaita bayan kaka, da yadda jinkirin albashi ke kwantar da kasuwa, hasashenka ya fi na duk wani tsari da ya shigo shagonka jiya.

Sannan ka lura da lokacin da aka zo maka da maganar. Wata uku da za su ƙare a Sallah, ai ko babu AI cinikin mai atamfa yakan tashi. Idan ka shiga yanzu, ranar jajiberi za a nuna maka lissafi a ce ga aikin tsarinmu. Awon gaskiya shi ne a kwatanta Sallar bana da Sallar bara, kuma a ƙirga da turmi da yadi, ba da naira ba, domin tashin farashi kaɗai yana kumbura lissafin naira ba tare da ka sayar da ƙarin ko ƙyalle ɗaya ba.

Na taɓa yi wa wani mai sarin kayan masarufi aiki, shi ma da farko AI ya ce yana so. Na roƙe shi mu fara da rubuta shigar kaya da fitarsu a manhajar lissafi ta Excel na wata biyu. Kafin wata biyun su cika ya gano abu biyu: akwai kayan da yake sayarwa ƙasa da yadda ya saro in an haɗa kuɗin mota da na 'yan dako, kuma adadin katan ɗin da ke fita daga sito bai yi daidai da kuɗin da ke shiga ba. Ribar da ya tsira da ita daga wannan ta fi abin da duk wata talla za ta kawo masa a shekarar. Rubutu ne kawai da yaro ɗaya mai amana.

Abin da zan yi da ni ne kai

Game da tsoron a bar ka a baya, ka tuna yadda POS da turansifa suka shigo kasuwa. Ba wanda ya zo ya tsorata ku. Kuɗi suka yi wuya a hannu a 2023, kowa ya ga amfaninsu da idonsa, kuma wanda ya makara ya samu nasa cikin 'yan kwanaki, bai rufe shago ba. Kayan fasaha ƙara araha da sauƙi suke yi da tafiyar lokaci. Idan AI ya kai matsayin da shago ba zai yi ba sai da shi, za ka gan shi a hannun maƙwabcinka, kuma za ka same shi da rahusa fiye da yau.

Ban ga tsarin yaron nan da idona ba, kuma aikina a kan ƙanana da matsakaitan kasuwanci yake. Bankuna da kamfanonin waya da ke da bayanan miliyoyin mutane suna cin moriyar irin wannan fasaha sosai, misali wajen gano turansifar damfara, kuma abin yana sauyawa da sauri, har abin da na faɗa kan Hausarsa zai iya tsufa nan da shekara ɗaya. Shi ya sa ba zan ce ka kore shi ba. Ka ɗauke shi kamar yaron da aka kawo maka neman aikin shago: ba a miƙa masa mabuɗin sito ranar farko.

Ka kira shi ya zo shago da rana, ɗanka na wurin. Ka kunna masa saƙonnin murya biyar na gaske daga masu sayenka, ba tare da nuna lambobinsu ba, ka ce tsarin ya amsa a gabanka. Ka tambaye shi sunan ɗan kasuwa ɗaya a Sakkwato ko Gusau ko Birnin Kebbi da ya yi wata shida yana biya, ka je ka gan shi da kanka. Ka tambayi wanda zai riƙa sabunta farashi, da wanda zai biya idan na'urar ta faɗi kuɗin da ba shi ba, da ko kuɗin wata-wata zai tashi idan dala ta tashi, da inda lambobin mutanenka za su tafi ranar da kuka rabu. Shafin Facebook da lambar WhatsApp su kasance da sunanka da layinka, ba nasa ba, domin na ga waɗanda suka rasa shafin da suka yi shekaru suna ginawa ta wannan hanya.

Idan ya amsa waɗannan hankalinka ya kwanta, ku yi gwajin wata ɗaya a kan abu ɗaya tak, misali tallar shadda, da kuɗin da ba zai taɓa jarinka ba, kuma duk wanda ya zo saye a tambaye shi inda ya ji labari a rubuta. Tunda ya ce ciniki zai ninka, ka ce masa a bar kuɗin shiga, a yi la'ada: wani abu a kan kowane turmi da ya haura na bara. Ku rubuta a takarda, shaidu biyu su sa hannu, kamar yadda za ka yi da kowane dillali.